Baƙin Allo a Bayan Taminus

Kwamfutata ta cinya ta daɗe a hannuna, kuma ni ma ba sabuwa na saye ta ba, 'yar Beljiyam ce. Da kamfanin Microsoft ya ce daga 14 ga Oktoban 2025 ya daina kula da Windows 10, ita kuwa ba ta cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba, sai na saka ta a jaka na hau Keke zuwa Taminus, da niyyar in ji nawa za a saye ta in cika in ɗauki wata. Ɗan ƙanwata yana da ɗan shago a wani lungu kusa da titin Ahmadu Bello, inda yake gyaran kwamfutoci. Ya karɓe ta, ya juya bayanta, ya kunna, ya saurari ƙarar fankarta kamar likita da ƙirjin majinyaci.

"Kawu, wannan ai da sauranta. Ka bar mini ita zuwa la'asar."

Ban bar ta ba. Sanyin Jos na ƙarshen shekara ba ya ƙarfafa wa dattijo gwiwar yawo, ga mai shayi a bakin lungun, sai na ja benci na zauna. Abin da na gani a wannan zaman, da zaman da na riƙa komawa ina yi bayansa, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ya kwashe mini takarduna a filash, ya goge komai, ya saka mata Xubuntu, wato wani nau'in Linux mara nauyi da tsofaffin na'urori ke iya ɗauka. Wannan bai ba ni mamaki ba, kowane mai gyara yana yi. Da ta tashi kuwa, maimakon ya shiga intanet yana farautar manhajoji ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na saba gani, sai ya buɗe wata taga baƙa ƙirin, ba hoto ba maɓalli, sai ɗan alama mai ƙyaftawa. Sunanta taminal, in ji shi. Na ce to, taminal a Taminus, an yi gamon katar. Ya rubuta sudo apt update, ya saka kalmar sirri, rubutu ya riƙa kwarara. Sannan ya rubuta layi ɗaya tak, ya jera sunayen abubuwan da na ce ina bukata: na kallon bidiyo, na gyaran hoto, na karanta littattafai. Na'urar ta jero wasu sunaye rututu, ta tsaya tana tambaya.

A nan ya ɗauke hannunsa daga madannai, ya matso da fuska, ya karanta. Yaron da na sani ba ya iya zama minti biyu wuri ɗaya, ga shi yana bin layi da yatsa kamar almajiri da allonsa. Sai da ya kai ƙarshe sannan ya danna Y.

Na tambaye shi me ya tsaya karantawa, tunda shi ya ba da umarnin. Amsar da ya ba ni ta ɗauke mu makonni, don ni ɗalibi ne mai nawa.

A duniyar Linux, manhaja tana zuwa ne a ƙunshe. Su a shago fakej suke cewa, ni kuwa ƙunshi ya fi zauna mini a baki. A gidan Debian da Ubuntu, ƙunshin fayil ne mai ƙarewa da .deb, a cikinsa akwai kayan manhajar, akwai kuma 'yar takarda da ke faɗin sunanta, da lambar fitowarta, da wanda ke kula da ita, da jerin wasu ƙunsoshin da ba za ta yi aiki ba sai da su. Wannan jerin shi ne ƙashin bayan sana'ar. Manhajar kallon bidiyo irin VLC ba ta ɗauke da komai a jikinta; tana aron mai warware sauti daga nan, mai zana taga daga can, su ma kuma kowanne yana jingine da wani. In ka bi igiyar har ƙasa, kusan kowa sai ka tarar ya jingina da wani ƙunshi guda mai suna libc6.

Ma'aikata biyu ke wannan hidima. Na farko dpkg, ɗan dako ne: ka miƙa masa ƙunshi ya kwance, ya ajiye kowane fayil a mazauninsa, ya rubuta a littafi. In akwai abin da ya rage, zai faɗa maka ya tsaya, ba zai tafi nemowa ba. Na biyun shi ne apt, wanda ya san kasuwa. Duk wanda ya taɓa zuwa Dilimi sayen kayan gyaran mota ya san bambancin. Akwai mai shagon da za ka ce famfon mai ya miƙo maka famfon mai, ka biya ka tafi, gobe ka dawo. Akwai kuma wanda zai tambaye ka ƙirar motar da shekararta, ya ce sai ka haɗa da tiyo kaza da roba kaza, wancan da ke jikin motarka kuma ba za su zauna tare da wannan ba, sai an cire shi. To apt irin na biyun ne, sai dai shi kansa yake zuwa ya ɗauko, daga wurin ajiyar da ni zan kira rumbu.

Abin ya samo asali. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya saki ƙwayar Linux, aka haɗa ta da kayan aikin GNU da Richard Stallman ya faro a 1983. A Agustan 1993 Ian Murdock ya kafa Debian, ya haɗa sunan daga na budurwarsa Debra da nasa. Masu amfani na farko sun sha wuyar bin igiyar nan da hannu: ka sauko da ƙunshi ya ce sai da wani, ka samo wancan ya ce sai da wasu uku, dare ya raba ba ka gama ba. APT ya fito a 1998, ya shiga Debian 2.1 a 1999, ya ɗauke wannan wahala. A Oktoban 2004 Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fitar da Ubuntu a kan ginshiƙin Debian, har ya riƙa aika faya-fayenta kyauta ta gidan waya zuwa ko'ina a duniya, sai a 2011 aka daina. Sauran gidaje suna da nasu: Fedora tana da dnf, Arch tana da pacman. Harshe ne ya bambanta, aikin ɗaya ne. Rumbun Debian 12 da ya fito a 2023 yana ɗauke da ƙunshi sama da 64,000, kuma ba a biyan ko sisi.

Umarnin da ake amfani da su kullum ba su kai goma ba, ana iya hardace su tsakanin azahar da la'asar. Shi ya sa na ce wa ɗan ƙanwata, to ina gwanintar take? Ya yi dariya, ya nuna yaron shagonsa da haɓa. Yaron ya sunkuyar da kai.

Wata rana, in ji shi, ya fita sallar Juma'a ya bar yaron da kwamfutar wani ɗalibin jami'a mai son sabon Python don aikinsa na kammala karatu. Yaron ya ga a wani bidiyo an ce a fara cire tsohon. Ya rubuta sudo apt remove python3. Na'urar ba ta ɓoye masa komai ba; ta jero sunayen duk abubuwan da za su tafi tare da shi, allo ya cika ya tumbatsa, domin a Ubuntu kayan da ke riƙe da fuskar kwamfutar da yawa sun jingina da Python ɗin da ya zo da ita. Yaron bai karanta ba, ya danna Y. Da aka sake kunnawa, ba taga ba hoto, sai baƙin allo yana ƙyafta ido, ga mai kaya zai dawo da yamma, ga babi huɗu na aikinsa a ciki.

Wani mai gyaran da sai ya goge komai ya sake sabon lale, ya ce wa ɗalibin bairos ne. Shi kuwa ya zauna ya buɗe wani fayil, /var/log/apt/history.log, inda apt ke rubuta duk abin da aka sa shi ya yi, da rana da lokaci da sunan wanda ya ba da umarnin. Jerin abin da aka cire yana nan, ba a rasa ko ɗaya ba. Ya mayar da su, ya saka wa ɗalibin sabon Python ɗin a gefe ba tare da taɓa na gida ba. Hukuncin yaron shi ne, tsawon wata guda duk umarnin da zai ba da sai ya fara haɗa shi da -s, wato gwaji, na'urar ta faɗi abin da za ta yi ba tare da ta yi ba, shi kuma ya karanta wa ogansa da ƙarfi.

Layin da ɗan ƙanwata ya fi tsayawa a kai gajere ne, yana can ƙasa: nawa za a sabunta, nawa za a saka sababbi, nawa za a cire, sannan megabait nawa za a sauko da shi. In ya ce a saka abu ɗaya ya ga an ce za a cire goma sha biyar, ya san ruwa ba ya tsami banza, sai ya danna n ya bincika. In ya ga nauyin ya wuce hankali, sai ya ƙara --no-install-recommends, wato a kawo wajibi a bar mustahabbi. Wannan fassarar tasa ce, ba tawa ba.

Maganar nauyi ita ce ta fi burge ni, don a nan ne sana'ar ta zama tamu. Waɗanda suka ƙirƙiro kayan nan yawancinsu suna zaune ne inda intanet ke zuba kamar famfo. Mu nan auna ta ake yi da mudu. Akwai wata makarantar koyon kwamfuta a wajen Farin Gada da yake kula wa da na'urori ashirin. A ce sabuntawar wata ta kai megabait 400. In kowace ta je ta ɗebo nata, an tashi da gigabait 8 a kan abu iri ɗaya sak. Sai ya ware tsohuwar na'ura guda a kusurwa, ya saka mata apt-cacher-ng, ya nuna wa sauran ita. Ta farko da ta nemi ƙunshi, a je waje a ɗauko, a ajiye kwafi. Sauran goma sha taran su ɗiba a cikin gida. Ya san kuma wani ɗan sirri da ba kowa ya lura da shi ba: apt yana share ƙunsoshin da ya sauko da su bayan ya gama, yayansa apt-get kuwa yana barinsu a /var/cache/apt/archives. Saboda haka in zai je gyara a ƙauyen da sabis ba ya kaiwa, can wajen Bokkos ko Mangu, da apt-get yake aiki, ya kwashe kayan a filash ya tafi da su a aljihu.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a garin nan. A ƙarshen shekarun 1990 wani Ba'amurke, Cliff Missen, ya zo Jami'ar Jos koyarwa a ƙarƙashin shirin Fulbright, ya ga yadda samun intanet ya zama tamkar haƙar kuza da cokali. Daga abin da ya gani ne aka haifi shirin WiderNet a Jami'ar Iowa, da kuma eGranary: a kwafi ɗimbin shafukan ilimi, da izinin masu su, a zuba a faifan ajiya, a kawo cikin makaranta kowa ya ɗiba ba tare da ya fita waje ba. Sunan ma da Turanci rumbu yake nufi. Ɗan ƙanwata yana goye a lokacin, bai taɓa jin labarin ba sai a bakina. Wannan karon dai na samu abin da zan koya masa.

Ni malamin makaranta ne, zargi ya zama mini ɗabi'a. Na ce masa, kayan da ya biyo ta hannu da yawa haka, daga Turai zuwa tsohuwar na'urar kusurwa zuwa filash ɗin aljihunka, wa ya tabbatar ba a yi masa algus a hanya ba? Mun san manhajojin sata da ake sayarwa a faifai, da abin da suke shigowa da shi.

Ya gyara zama, don tambayar ta yi masa daɗi. Masu rumbu, in ji shi, suna da wata takarda ta gaba ɗaya da suke buga wa hatimi na lissafi, wanda ba mai iya ƙirƙirarsa sai mai riƙe da makullin sirri. Kwamfutarka ta zo da abin gane hatimin tun ranar da aka saka mata Linux. A cikin takardar akwai zanen yatsa na kowane jerin kaya, a cikin jerin kuma akwai zanen yatsa na kowane ƙunshi. In aka canja ko harafi ɗaya a cikin ƙunshin, zanen ba zai dace ba, apt ya ƙi karɓa. Saboda haka ko ta hannun wa kayan ya biyo, in dai ta apt ya shigo, ana iya bin sarƙar har zuwa tushe. Wanda ya ɗauko a filash kuwa, sai ya gwada zanensa da na jerin kafin ya saka. Na ce masa ai wannan isnadi ne. Malaman hadisi sun fi shekara dubu suna tambayar wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa.

A nan ne yake da tsauri har abokan sana'a na ce masa ustaz. Intanet cike take da shawarar ka ƙara rumbun wane, ko ka kwafi wannan layin ka liƙa da sudo a gaba. Duk wanda ka karɓi makullinsa, ka ba shi ikon shiga kowane ɗaki na na'urarka, yau da gobe da duk ranar da ka sabunta. Yakan ƙara, amma sai ya san ko wane ne, kuma yakan rubuta a ɗan littafinsa cewa na'urar wane tana da rumbun waje kaza. Ba ya kuma da'awar cewa hatimi maganin komai ne. A Maris ɗin 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata na'urarsa ta nesa yana ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ya bi diddigi, ya tarar an dasa ƙofar ɓarayi a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowane Linux ke amfani da ita. Wanda ya dasa ta ya shafe shekara biyu da wani abu yana taimako kamar mutumin kirki har aka miƙa masa amana. Gurɓataccen ƙunshin ya shiga rumbunan gwaji da hatiminsa lafiya lau, Allah ya sa bai kai ga na jama'a masu zaman lafiya ba. Shi ya sa abokan cinikinsa ba ya saka musu sabon-shiga. Ubuntu tana fitowa duk wata shida, lambarta ma shekara ce da wata, 24.04 na nufin Afrilun 2024. Amma mai dogon zango, wadda ake kula da ita shekara biyar, sau ɗaya take fitowa a shekara biyu, kuma ita kaɗai yake yarda da ita.

Sauran abin da ya iya, ƙasar nan ce ta koya masa, ba littafi ba. Ana tsakiyar sabuntawa a ɗauke wuta, janareta bai tashi da wuri ba, dpkg ya kwance kaya bai gama shiryawa ba. Ba ya ko ɗaga murya: sudo dpkg --configure -a, in da saura ya bi da sudo apt --fix-broken install, ɗan dako ya ci gaba daga inda ya tsaya. In na'urar ta ce an kulle, wani yana aiki, ba ya fasa kwaɗon kamar yadda masu gaggawa ke yi. Yakan duba tukuna, sau da yawa mai sabuntawa na kai-tsaye ne ke aikinsa a ɓoye, minti biyar ya gama. Wata rana a gabana aka kawo wata tsohuwar na'ura da ta ƙi sabuntawa sam, tana cewa takardar rumbu lokacinta bai yi ba tukuna. Mai ita ya yi kwana uku yana zargin kamfanin layinsa. Ɗan ƙanwata ya kalli kusurwar allo, ya yi murmushi. Ɗan batirin agogo mai kamar kwabo da ke cikin na'urar ya mutu, ta koma shekarun baya, saboda haka takardar da aka buga wa hatimi jiya a wurinta daga gaba ta fito. Ya gyara kwanan wata, ya aiki yaro ya sayo batiri.

Akwai abin da ban so ba, kuma na faɗa masa. Duk wannan zance da na'urar ke yi da Turanci take yi, Turancin ma mai rowa, wanda ko mai digiri sai ya maimaita. An fassara saƙonnin apt zuwa harsuna da dama, kuma ƙofa a buɗe take ga duk mai so, tunda kayan na kowa ne. Yara nawa ne a Gangare da Unguwar Rogo masu kaifin kai da wannan shingen kaɗai ya tsayar? Ya ce, "Kawu, kai ne malamin Hausa." Na canja magana.

Kafin in tafi a ranar farko, na yi masa ƙorafin da na daɗe da shi, cewa ƙ da ɗ da ɓ suna ba ni wahala, ga wasu takardun ajami na mahaifina da nake so in buga. Ya nuna mini cewa tsarin madannai na Hausa yana cikin na'urar tun asali, zaɓa kawai ake yi. Sannan ya rubuta apt search alkalami. Na zaci zolaya ce. Sai ga shi ya fito, fonts-sil-alkalami, salon rubutun ajami irin na Kano, mai kauri, irin wanda muka tashi muna gani a allo, ƙungiyar SIL ta tsara shi, wani kuma da ban san shi ba ya ƙunshe shi ya ajiye a rumbu tare da sauran dubbai. Ya tura mini kwamfutar.

"Kawu, wannan kai za ka saka da hannunka."

Na rubuta da yatsa ɗaya, na yi kuskure sau biyu. Da ta gama na buga bisimilla, na zauna ina kallonta har shayina ya huce.

Daren jiya a gida na buɗe baƙar tagar ni kaɗai. Na yi update, na yi upgrade, ta jero sunayenta ta tsaya. Na saka tabarau na bi da yatsa: ba abin da za a cire, amma za a sauko da megabait 312. Na duba abin da ya rage a wayata, na danna n. Ranar Asabar ina da zuwa Taminus, kuma ɗan ƙanwata ya ce rumbun shagonsa, irin na makarantar nan, ya riga ya ɗauko na wannan watan.